Daga Sharaɗa Zuwa Dei-Dei: Tarihin Rediyon Freedom Da Yadda Ta Riƙa Sauya Salo



A ranar 1 ga watan Disamba na shekarar 2003 ne wata sabuwar tashar rediyo ta fara watsa shirye-shirye daga unguwar masana'antu ta Sharaɗa a birnin Kano, a kan mita 99.5 zangon FM. Sunanta Freedom, takenta kuma Muryar Jama'a. Tsakaninmu da Kano akwai tafiyar kusan kilomita 400, kuma ko mutum ya ɗaure eriyarsa a saman bene ba zai kamo ta da akwatin rediyo daga nan ba. Duk da haka, a rumfunan 'yan katako da na 'yan tumatir da kara da teburan masu shayi, ba wuya ka ji muryarta tana fita daga wayar wani. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi tarihinta daki-daki, mu ga yadda ta faro, da yadda salonta ya riƙa sauyawa, da dalilin kowane sauyi. A ƙarshe kuma akwai tambayar da ta shafe mu kai tsaye, mu da muke zaune a nan.

Rediyon da iyayenmu suka sani

Rediyo ya shigo Kano ne a shekarun 1940, zamanin Turawa, kuma ba irin wanda muka sani yau ba ne. Akwati ne ake maƙalawa a bango, a jawo masa waya daga ofis, mai gida ya riƙa biyan kuɗin wata. Tasha ɗaya ce tak, ba a murɗawa a nemi wata. Abin da aka ba ka shi za ka ji, in ba ka so sai dai ka rage murya.

Daga baya abubuwa suka buɗe. BBC ta fara sashen Hausa a 1957, gwamnatin Jihar Arewa a ƙarƙashin Sardauna ta kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, Muryar Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka kuma a 1979. Duk waɗannan a gajeren zango ake kama su, shi kuwa gajeren zango halinsa ne tafiya nesa, domin sautin yana hawa sama ya bugi wani rufi na iska ya dawo ƙasa a wata nahiya. Da haka ne Bahaushen Kumasi da na Agadas da na Sudan suke jin Jakar Magori da Zaɓi Sonka da Samanja lokaci guda da mutumin Zariya. Da aka yi garambawul a 1978, gwamnatin tarayya ta riƙe manyan tashoshi irin na Kaduna, jihohi kuma suka karɓi nasu a matsakaicin zango.

Abin da ya haɗa tashoshin cikin gida duka shi ne mai su. Na gwamnati ne. Labarai kan fara da abin da gwamna ya faɗa, su bi da abin da kwamishina ya buɗe, su ƙare da sanarwa. Talaka yana da wuri, amma wurin gaisuwa ne: ka sayi katin zaɓe ko ka rubuta wasiƙa, ka jira mako biyu ko uku, a karanto sunanka da na abokanka, a sa maka Shata ko Ɗan Maraya. In kuwa rigima ta tashi a gari, ko an yi juyin mulki, to sai a koma gajeren zango a nemi London a ji gaskiyar abin da ya faru a bayan gida. Waɗanda suka zo Abuja da wuri, tun kafin a dawo da fadar gwamnati a ranar 12 ga Disamba 1991, da irin wannan rediyon suka zo a jaka, da batir ɗinsa mai kan damisa.

Yadda ƙofa ta buɗe

Shi zangon FM dabam yake. Sautinsa garau ne, ba shuu ba ƙara, amma ba ya nisa, domin a miƙe yake tafiya kamar haske. Iyakar inda turken eriya ya hango, nan ne iyakarsa, in dutse ya tare shi kuma shi ke nan. Tashar FM ta farko a ƙasar nan a Legas aka buɗe ta a 1977, kuma kiɗa aka buɗe ta domin shi. Haka abin ya bi sauran garuruwa. A Kano ma, Rediyon Kano na matsakaicin zango shi ne na Hausa da dattawa da mutanen karkara, na FM kuwa ya fi karkata ga Turanci da kiɗan samari. Mu da muka tashi a wancan lokaci, in an ce FM, abin da ke zuwa mana a rai 'yan boko ne da kaset ɗin Amurka.

A 1992 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fitar da dokar soja mai lamba 38, wadda ta kafa hukumar NBC mai kula da kafafen watsa labarai, ta kuma halatta wa 'yan kasuwa su nemi lasisin rediyo da talabijin. Raypower ce tashar rediyo ta farko da ta ci moriyar dokar, ta soma aiki a Legas a 1994. A fagen rediyo, masu kuɗin Arewa sun yi jinkiri, kusan shekara goma. Sai da mulkin farar hula ya dawo a 1999 sannan wasu 'yan asalin Dutse da ke zaune a Kano suka yunƙuro. Cikin jagororin tafiyar akwai marigayi Mukhtar Muhammad, tsohon hafsan sojan sama wanda ya yi gwamnan soja a Jihar Kaduna daga 1977 zuwa 1978, kuma Wazirin Dutse, da kuma Alhaji Bashir Dalhatu, tsohon minista. Abin da suka kafa shi ne Freedom, wadda ake ɗauka a matsayin tashar rediyo mai zaman kanta ta farko da 'yan Arewa suka mallaka a Kano.

Sauyi na farko: FM ta koma magana da Hausa

Babban abin da Freedom ta zo da shi shi ne ta ɗauki zangon da aka sani da kiɗa ta mayar da shi zauren hira, kuma da Hausa, irin Hausar da ake yi a Kantin Kwari da Kurmi da Dawanau. Sunayen shirye-shiryen kaɗai sun isa shaida: An Tashi Lafiya, Barka Da Hantsi, Mu Leƙa Mu Gano, Inda Ranka, Kowane Gauta. Biyun ƙarshe rabin karin magana ne, mai sauraro ke ƙarasa su da kansa: in da ranka ka sha kallo, kowane gauta ja ne sai dai in bai sha rana ba.

Abu biyu ne suka taimaka mata, kuma ba ita ta ƙirƙire su ba. Na farko wayar salula, wadda ta shigo ƙasar nan a watan Agustan 2001. Kafin nan, wayar tarho sai ofis da gidan mai hali, don haka shirin da za a ce jama'a su kira ba zai samu masu kira ba sai 'yan tsiraru. Da layi ya yi araha, sai mai kayan miya da direban tasi da matar aure a tsakar gida suka samu hanyar shiga ɗakin watsa shirye-shirye ba tare da sun taka ƙafa ba. Abin da da yake ɗaukar mako uku a gidan waya ya koma minti ɗaya. Na biyu kuma lokacin siyasa ne. A zaɓen 2003 Malam Ibrahim Shekarau ya kayar da gwamna mai ci, Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso, gari ya rabu biyu, kowane ɓangare yana da abin faɗa, kuma wanda ba ya cikin gwamnati ba shi da inda zai faɗa. Wata shida da rantsar da sabon gwamna sai ga tashar da ba ta gwamnati ba.

A shirin Inda Ranka ne aka fi ganin sabon salon. Labarin da da ba ya shiga rediyo shi ya zama kan gaba: unguwar da taransifomarta ta ƙone wata da watanni, kwatar da ta toshe ta cinye gidaje, rikicin fili, ɗan fanshon da aka hana haƙƙinsa, marar lafiyar da ke neman taimako. Wakili zai je da rakoda ya ɗauko muryar mai ƙorafi, ya nemi wanda ake ƙorafi a kansa, a haɗa a watsa da daddare cikin raha da habaici. Jami'in da ya saba kulle ofis ya ce ba ya nan, sai ya gane cewa shirunsa ma za a faɗa wa gari. Daga nan ne kalmar "zan kai ka Freedom" ta shiga bakin mutanen Kano, ana faɗinta kamar yadda ake cewa zan kai ka gaban alƙali.

Sauyi na biyu: siyasa ta shigo da ƙarfinta

Kowane Gauta kuwa fili ne da aka buɗe wa magoya bayan 'yan siyasa, kowa ya zo ya yi 'yan mintoci ya yabi gwaninsa ko ya soki na wani. Sannu a hankali abin ya zama sana'a, har aka samu rukunin mutanen da ake kira sojojin baka, waɗanda aikinsu ke nan, yau suna wannan tasha gobe suna waccan. Alherin abin shi ne mai mulki ya daina jin yabo zalla. Sharrinsa kuma shi ne an samu masu cin abinci da mutuncin mutane, har ta kai ana taɓa iyaye da iyali. Duk wanda ya saurara ya san duka biyun suna nan.

Ba a daɗe ba tashar ta gamu da hukuma. A watan Maris na 2006, lokacin da ƙasa ta ɗauki zafi kan yunƙurin tazarcen Shugaba Olusegun Obasanjo, hukumar NBC ta zargi Freedom da karya ƙa'idar watsa shirye-shirye, ta hana ta aiki daga ƙarfe 5 na yamma zuwa 10 na dare, ta kuma ci ta tarar naira 200,000. Waɗannan awowi su ne na shirye-shiryen siyasa, kuma su ne lokacin da aka fi sauraro. Ƙungiyoyin kare 'yan jarida na ciki da waje suka yi ca, ba a jima ba aka janye takunkumin. A ranar 16 ga Mayu 2006 Majalisar Dattawa ta yi watsi da gyaran tsarin mulkin da ke ɗauke da tazarcen. Hukuncin da aka yi don a rage mata murya sai ya ƙara mata suna, domin jama'a sun ɗauke shi shaida cewa ba 'yar amshin shata ba ce.

Sauyi na uku: kasuwa ta cika

Mu 'yan kasuwa mun san cewa duk hajar da ta karɓu, gobe za ka ga maƙwabta sun sauke irinta. Haka aka yi. Tashoshi suka yi ta buɗewa a Kano: Rahma, Express, Arewa, Aminci, Vision, Guarantee, Premier da sauransu, kusan kowacce da shirin ƙorafinta na dare da filin sojojin bakanta. Ita ma Freedom ta faɗaɗa, ta buɗe reshe a Dutse da Kaduna, sannan ta fitar da ƙanwa a cikin Kano, wato Dala FM a kan mita 88.5, wadda ta fi karkata ga matasa da nishaɗi. Wato maimakon tasha ɗaya ta yi ta ƙoƙarin gamsar da dattijo da jikansa, sai aka raba musu rumfa. Ta kuma ƙulla hulɗa da tashoshin waje irin Muryar Jamus, ta yadda shirin da da sai an yi ta lalube a gajeren zango ya dawo ana jin sa garau a FM.

A nan ya kamata mu fahimci yadda tasha mai zaman kanta take ci. Ba ta da kason gwamnati. Za ta biya albashi, ta biya kuɗin lasisi, ta sayi man janareto, domin na'urar watsa shiri ba ta jiran wutar NEPA. Hajarta ɗaya ce, wato lokaci. Tana sayar da shi minti-minti ga mai talla, ko rabin awa ga mai ɗaukar nauyin shiri. To da masu sayar da lokaci suka yi yawa, sai mai saye ya samu ƙarfi. Waɗanda suka fi saye kuwa sanannu ne: 'yan siyasa, da gwamnatoci, da masu maganin gargajiya, da attajiran da ke ɗaukar nauyin karatu da tafsiri, musamman a watan azumi. Shi ya sa yake da kyau mai sauraro ya riƙa bambance shirin da tasha ta aiki wakilinta ya binciko, da shirin da wani ya biya kuɗi ya zo ya faɗi son ransa. Murya ɗaya ce take fitowa daga akwatin, amma nauyin maganar ba ɗaya ba ne.

Kano ta ga inda sakin baki kan kai. A ranar 8 ga Fabrairu 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafin shan inna tara, 'yan kwanaki bayan wani shiri na wata tashar, Wazobia FM ta Kano, ya taɓo batun rigakafin. Aka kama 'yan jarida, NBC ta dakatar da tashar, duk da cewa masu kare 'yan jarida sun ce ba a nuna alaƙar shirin da kisan ba. A watan Mayun 2025 kuma gwamnatin Jihar Kano ta sanar da hana shirye-shiryen siyasa na kai tsaye, tana cewa zage-zage sun yi yawa, masu suka kuma suka ce wannan hurumin NBC ne ba na jiha ba. Wato shekara ashirin da 'yan kai bayan buɗe ƙofar, har yau ana ja-in-ja kan iyakar inda za a bar ta a buɗe.

Sauyi na huɗu: rediyo ya koma cikin waya

Sauyin da ya kawo Freedom har Dei-Dei bai faru a kan turken eriya ba. Da farko ƙananan wayoyi ne suka zo da FM a ciki, a maƙala abin kunne ya zama eriya, amma wannan tashoshin kusa kawai yake kamawa. Da manyan wayoyi suka yawaita, data ta samu, sai tashar ta fara watsa shirinta ta intanet, ta buɗe shafi a Facebook da YouTube, aka sa kyamara a ɗakin watsa shiri. Muryoyin da muka shekara muna ji ba mu san fuskarsu ba, sai ga su muna kallo. Shirin da ya wuce ka kana kan hanya, za ka same shi ajiye da safe. Wani kuma ya yanko minti biyu ya turo maka ta WhatsApp.

Kun ga ke nan abin ya zagayo. Gajeren zango ya haɗa Hausawan nesa da gida, FM ya zo ya tsaya a gari ɗaya ya shiga lungunansa, intanet kuma ta ɗauki labarin lungun ta kai wa ɗan garin duk inda yake, ko a Dei-Dei, ko a Legas, ko a Jidda. Sai dai akwai tsada, domin batir biyu kan yi makonni, data kuwa kwana nawa take yi? Akwai kuma haɗari a guntun sautin da aka yanko, domin ba ka ji abin da aka faɗa kafinsa ba, ba ka ji martanin da ya biyo baya ba, wani lokaci ma na shekarun baya ne aka sake turowa kamar yau aka yi.

To mu fa?

Ga inda maganar ta dawo kanmu. Da yawanmu za su iya gaya maka unguwar da ake rikicin fili a Kano da abin da sojan baka ya faɗa jiya, amma ba su san abin da hukumar Birnin Tarayya ko ƙaramar hukuma ta yanke kan kasuwar da suke ci a cikinta ba, sai ranar da suka ga jan fenti a bango ko takardar haraji a hannu. Son gida ba laifi ba ne. Amma ruwan da muke sha, da hanyar da tireloli suka farfasa, da makarantar 'ya'yanmu, da maƙabartar da za a kai mu, duk a nan suke, kuma wakilin Inda Ranka ba zai taso daga Sharaɗa ya zo ya duba mana su ba.

Ba mu manta da ranar 18 ga Mayu 2022 ba, ranar da haɗarin babur ya yi sanadin mutuwar wata mata, rikici ya ɓarke tsakanin 'yan acaɓa da 'yan kasuwa, aka rasa rayuka, wuta ta ci wani ɓangare na kasuwar katako, Ministan Abuja na lokacin Malam Muhammad Musa Bello ya ba da umarnin rufe kasuwar. A irin wannan rana jita-jita a waya ta fi wuta gudu, kuma kowa labarin ɓangarensa yake turawa. Abin da unguwa ke buƙata a sa'ar nan shi ne murya ɗaya da kowa ya sani ya kuma yarda da ita, wadda za ta ce ga abin da ya faru, ga abin da bai faru ba, kowa ya zauna inda yake. Irin wannan murya ba a ranar tashin hankali ake nemo ta ba, tun ana zaman lafiya ake gina ta. Addininmu ma ya hore mu a cikin Suratul Hujurat da mu binciki labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu cuci wasu cikin rashin sani mu dawo muna nadama.

Abuja ba ta rasa tashoshi ba. Akwai Aso Rediyo ta hukumar Birnin Tarayya a kan mita 93.5, akwai Kapital FM ta gwamnatin tarayya a 92.9, akwai Vision FM a 92.1 mai shirin Idon Mikiya, wanda shi ma NBC ta taɓa dakatar da shi a farkon 2022. Akwai kuma Human Rights Radio a 101.1, inda Ahmed Isah ke gabatar da Brekete Family da Turancin buroka, shirin da ya nuna cewa salon kai ƙorafi rediyo yana aiki a Abuja kamar yadda ya yi a Kano. Duk waɗannan ƙaramar Kchibo ta isa ta kamo su, ba sai da data ba.

Shawararmu guda uku ce. Ta farko, shugabannin kasuwanni da na unguwa su san wakilan sashen Hausa na waɗannan tashoshi, su riƙe lambobinsu, su riƙa gayyatarsu tun kafin matsala ta girma. Ta biyu, mu da muke ba da talla ko ɗaukar nauyin karatu a azumi, mu ware wani abu mu haɗa mu sayi ko da rabin awa ne a mako domin al'amuran Dei-Dei da Zuba da Kubwa da Gwagwa, a kuma buɗe shi ga maƙwabtanmu Gbagyi da Ibo da Yarbawa, tunda kasuwa ɗaya muke ci. Ta uku, matasanmu da suka yi karatun jarida su bincika mana hanyar neman lasisin rediyon al'umma, tunda tun 2015 gwamnatin tarayya ta fara bayar da irinsa, inda ta amince da guda 17 a karon farko.

Mutanen da suka kafa Freedom sun ga dokar da ta ba su dama tun 1992, sai da aka shekara goma sha ɗaya sannan muryarsu ta fita. Namu aikin bai kai nasu nauyi ba, tunda ga tashoshin nan a kusa, ga kuma waya a hannun kowa. Wanda yake da shawara ko gyara kan wannan batu, ƙofar wannan mujalla a buɗe take.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a inda muke, Ya albarkaci kasuwanninmu, Ya jiƙan magabatanmu. Wassalamu alaikum.